Sitiyarin jirgina ya yi laushi: ku faɗa mini abin da kuka gani a naku

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jirgin kamun kifi nake da shi mai inji ɗaya a baya, kuma sitiyarinsa irin mai aiki da matsin mai ne, wato famfo a bayan sitiyari, tiyo biyu, da silinda a jikin inji. Kusan wata biyu ke nan da ya fara laushi. A da juyi 5 nake yi daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama, yanzu sai na yi 7, kuma a tsakiya nakan ji yana ɗan tsalle a hannuna kafin injin ya amsa. Na ƙara mai sau biyu, na fitar da iska sau ɗaya, ya gyaru na kwana uku sannan ya koma gidan jiya. An ba ni shawarar in sayi sabon famfo, amma ina so in ji daga waɗanda abin ya taɓa samu kafin in taɓa aljihuna.

Tsohon matuƙi:
Wa alaikumus salam. Ɗana, tun da ka ce ka ƙara mai sau biyu, ka riga ka ba kanka rabin amsa. Wannan sitiyari ba ya ƙona mai kamar inji, saboda haka duk man da ya ragu fita ya yi ta wani wuri, kuma idan ya ragu sosai famfon yakan zuƙi iska a maimakonsa. Iska kuwa tana matsuwa, mai ba ya matsuwa, shi ya sa kake jin laushi da tsalle.

Ni nawa ya wahalar da ni tsawon lokacin kamun kifi guda. Na duba tiyo, na duba ƙarƙashin sitiyari, ban ga ko ɗigo ba, domin ruwan da ke fantsama a bayan jirgi yana wanke shaidar kafin in gani. Wata rana muna wanke jirgi sai yarona ya lura da zaren fatsa ya naɗe a sandar silinda, can kusa da bakinta. Zaren ya riƙa shiga da fita tare da motsin silindar har ya yanka robar da ke tare mai. Da ido ba ka ganin yankan, sai da muka cire robar muka lanƙwasa ta. Ka shanya wurin sosai, ka juya sitiyari har ƙarshe, ka danna da ƙarfi ka riƙe, wani kuma ya bi kowane mahaɗi da busasshen farin tsumma. Ka yi haka ta hagu da ta dama, domin kowane tiyo yana ɗaukar matsi ne ta ɓangarensa kaɗai.

Makanikin jiragen ruwa:
Abin da Baba ya faɗa daidai ne, sai dai zan ƙara da yadda nake raba laifi tsakanin famfo da silinda, domin na sha karɓar famfo lafiyayye da mai shi ya cire ya jefar a kwali.

Ƙidayar juyin da ka yi tana da amfani ƙwarai. Famfon da aka fi samu a ƙananan jirage yana tura mai kimanin cc 28 a kowane juyi, silindar da ake haɗa shi da ita kuma tana ɗaukar kimanin cc 136, wanda idan ka raba zai ba ka juyi 5 ɗin da ka saba. Idan juyin ya ƙaru, ko dai akwai iska, ko kuma mai yana zamewa a ciki ba tare da ya tura komai ba. Zamewar wuri biyu take faruwa: ta gefen robar fistin a cikin silinda, ko ta ƙananan bawul ɗin da ke cikin famfo, waɗanda aikinsu shi ne hana inji mayar da ƙarfi zuwa hannun matuƙi. Ka cire tiyo biyun daga bayan famfo, ka toshe ramukan da marufin ƙarfe, ka cika mai, sannan ka juya. Idan sitiyarin ya ƙage ta kowane ɓangare, famfonka ba shi da laifi, ka koma kan silinda a baya. Idan ya ci gaba da juyawa cikin sauƙi, to a nan matsalar take. Kada ka yi masa ƙarfin tsiya, domin akwai bawul ɗin kariya da ke buɗewa idan matsin mai ya kai wajen psi 1000, kuma ɗan motsi a hankali idan ka danne shi a ƙarshe ba cuta ba ne.

Sau da yawa abin da nake tararwa a cikin bawul ɗin ba lalacewa ba ce, ɓarɓashin farin tef ne da mutane ke naɗawa a zaren mahaɗi. Guntu ɗaya ƙanƙani ya isa ya hana ƙwallon bawul zama. Manne mai ruwa-ruwa na zaren bututu ake sawa, ba tef ba.

Mai jirgin koma:
Tawa matsalar akasin taka ce, amma zan faɗa don wani. Sitiyarina tauri ya yi, har kafaɗa takan yi mini ciwo idan na wuni a ruwa, kuma na canza mai gaba ɗaya ban ga sauyi ba. Da na kwance silinda daga hannun inji sai sitiyarin ya riƙa juyawa da yatsa ɗaya, injin kuwa da ƙyar mutum biyu suka motsa shi. Tsatsa da busasshen giris ne suka riƙe wurin da injin ke juyawa a kai. Ruwan gishiri ba ya barin ƙarfen da aka manta da shi.

Mai jirgi mai sitiyari biyu:
Malam makaniki, ina da tambaya a kan mai. Na taɓa ƙarewa da mai a tsakiyar ruwa, na zuba jan man giya na mota, ya kawo ni gaɓa lafiya, kuma ban canza shi ba sai bayan wata shida. Ban ga illar da ya yi ba, in ban da nauyin da sitiyarin ke yi da sanyin asuba.

Makanikin jiragen ruwa:
Alhaji, nauyin nan shi ne illar. Man da aka tsara wa irin wannan sitiyari siriri ne, mai bin ma'aunin MIL-H-5606, kuma man giya irin Dexron ya fi shi kauri, saboda haka an yarda da shi ne a halin gaggawa kawai. Wanda ba a yarda da shi ba ko kusa shi ne man birki. An taɓa kawo mini jirgin da aka zuba masa shi, duk robobin ciki sun kumbura sun yi laushi, sai da aka sake na famfo da na silinda, aka wanke tiyo. Idan kuma man ya koma fari-fari kamar madara, ruwa ne ya shiga, a zubar da shi duka.

Tun da kana da sitiyari biyu, ka duba murafen wurin zuba mai na famfunansu. Na sama ne kaɗai ya kamata ya kasance mai ƙofar numfashi. Idan aka sa irinsa a na ƙasa, man na sama zai gangaro ya malale ta can, kuma wajen fitar da iska daga na ƙasa ake farawa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na yi gwajin tsumma kamar yadda Baba ya ce, kuma ta ɓangaren dama na ga mai yana tsattsafowa a bakin silinda. Zare bai shiga ba, amma da na bi sandar da farce sai na ji ƙananan ramuka guda biyu da gishiri ya ci, daidai inda robar ke wucewa. Na toshe bayan famfo kuma sitiyarin ya ƙage ta hagu da dama, saboda haka famfon zai zauna a wurinsa. Na kuma gane kuskurena a wancan fitar da iskar: ni kaɗai na yi, kwalbar da na kifa a bakin famfo ta ƙare ban lura ba, na sake tura iska da hannuna.

Tsohon matuƙi:
To madalla. Amma kada ka sa sabuwar roba a kan wannan sanda yadda take, domin ramukan za su cinye ta cikin 'yan makonni. Idan ba su yi zurfi ba ana iya goge bakinsu da takardar yashi mai laushi sosai, idan kuwa farce yana maƙalewa a ciki, sandar ko silindar ce za ka canza. Ranar fitar da iska ka nemi mutum na biyu, ɗaya yana juya sitiyari a hankali yana kallon kwalba, ɗaya yana riƙe da sifana a baya, kuma ka rufe notin fitar da iska na jikin silinda tun mai yana fita, kafin na gaba ya daina juyawa.