Ƙanina ya ƙi karatu a gidan yari

Maman Hanif, Gombe:
Salam jama'a, ƙanina yana tsare, na kai masa littattafai da biro yace karatun me zai yi tunda har bacci sai an ce masa kwanta. Ya zan yi?

Ɗan Jekadafari:
Hajiya an yanke masa hukunci ne? Masu jiran shari'a sun fi karaya wallahi, mutum bai san ranar fita ba ina zai tsara gobe.

Bappa:
Ki bari ya zaɓa da kansa, ɗinki ko kafinta ko NOUN, wato jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, ai kyauta take koyar da fursunoni. Wanda yaga ƙoƙarinsa na canza wani abu shi ke dagewa, wanda ya sallama komai ga gandiroba kam sai a hankali.

Maman Hanif:
Jira yake, wata 14 kenan. Ɗinkin ma yake so tun yana ƙarami, ni na dage sai boko.