Koci ya ce ɗana ya daina zuwa wasan gasa, yaya zan yi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, a taimaka min da shawara. Ɗana shekararsa 9, yana da galahanga (autism, lalurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane), a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa da ke Kaduna aka tabbatar mana bayan kakarsa ta zaga da mu wajen masu ruƙiyya har muka gaji. Magana sai jefi-jefi, amma ƙwallo ita ce ransa. Gola ne a kulob ɗin yaran unguwarmu, tun kafin la'asar yake sa safar hannu ya tsaya bakin ƙofa yana jira. Usur ne matsalar. Da alƙali ya busa sai ya toshe kunnuwa ya durƙusa, ranar Asabar haka aka zura masa biyu. Yanzu koci ya ce atisaye kaɗai zai riƙa zuwa. Babansa ya ce in bar maganar.

Hajiya Babba: Wa alaikis salam. 'Yata, ki cire shi. Filin ƙwallo ihu ne da turereniya, irin waɗannan yaran ba sa jure ƙara. Ki kai shi ninƙaya ko tsere.

Anti Nas: Ki gwada abin toshe kunne na roba. A gida ki riƙa busa usur daga nesa, a hankali, kina gaya masa kafin ki busa. Kuma ki nemi Special Olympics, ƙungiyar wasanni ta masu lalurar ƙwaƙwalwa, suna aiki a Najeriya.

Maman 'Yan Biyu: Ke kin samu ma an karɓe shi. Tawa makaranta biyu suka sallama, wai tana cizo, kuɗin zango kuwa ba su mayar ba. Dokar hana wariya ga masu nakasa da Buhari ya sa wa hannu a 2019 tana takarda kawai.

Mai tambaya: Hajiya, ba zan cire shi ba. A filin nan ya fara kiran sunan wani yaro da bakinsa. Anti, abin kunnen ba ya yarda a taɓa masa kunne ko wajen wanka.

Hajiya Babba: To kin ji. Jikana haka yake, na san abin da nake faɗa. Wata rana iyayen sauran yara za su zage shi a gabanki.

Wani Koci: Maman yaro, kin taɓa zama da kocin kin yi masa bayanin lalurar? Wataƙila ya ɗauka tsoro ne.

Mai tambaya: Babansa ba ya so unguwa ta sani. Gasar kuma ranar Juma'a za a fara, yaron ya riga ya wanke rigarsa.