Neman shawara: wane littafi ne ya dace da mai fara cin abincin da ba a dafawa?

Maman Hafsat, Mabera

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Likita ya umarce ni da in ƙara yawan ganye da 'ya'yan itatuwa a abincina saboda hawan jini da nauyin jiki, kuma da na shiga bincike a intanet sai na tarar akwai mutanen da suka mayar da cin ɗanyen abinci tsarin rayuwarsu, har suna rubuta littattafai a kansa. Damuwata ita ce yawancin abin da nake gani a YouTube da Facebook an gina shi ne a kan kayan da ko dai babu su a Babbar Kasuwar Sakkwato, ko kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin mai albashi, ga kuma injunan da ke buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa. Wane littafi ko wace kafa za ku ba ni shawarar in fara da ita, wadda za ta koya mini yadda ake haɗawa ba tare da na cutar da kaina ko iyalina ba? Allah Ya saka da alheri.

Malama Ta-Arkilla

Wa alaikumus salam, Maman Hafsat, Allah Ya ƙara lafiya. Masu wannan tsari suna kiran abinci ɗanye ne matuƙar zafin da ya taɓa shi bai wuce digiri 48 a ma'aunin Salshiyos ba, kuma littattafan da suka yi suna a fannin da Turanci aka rubuta su, galibi a Amurka. Idan littafi ɗaya za ki saya domin koyon aikin hannu, ki nemi Raw Food Made Easy for 1 or 2 People na Jennifer Cornbleet, wanda ya fito a 2005. Abin da ya sa na fifita shi shi ne an auna komai daidai cikin mutum ɗaya ko biyu, saboda haka ba za ki yi asarar cefane ba idan haɗin bai yi miki daɗi ba, kuma da yawa daga cikin abin da ke ciki wuƙa mai kaifi da bilenda sun isa.

Amma a ganina littafin da ya fi muhimmanci ba na haɗe-haɗe ba ne. Sunansa Becoming Raw, na Brenda Davis da Vesanto Melina, ya fito a 2010, kuma dukkansu biyu masana abinci mai gina jiki ne da suka yi karatun aikin. Sun bi iƙirarin da masu cin ɗanye ke yi ɗaya bayan ɗaya, suka ware wanda bincike ya tabbatar da wanda bai tabbatar ba, sannan suka bayyana ƙarara cewa duk wanda ya bar nama da ƙwai da madara dole ne ya riƙa shan ƙwayar bitamin B12, domin ganye ba ya ba da shi. Ki karanta wannan kafin ki gaskata duk wani bidiyo da ke cewa wuta tana kashe amfanin abinci gaba ɗaya. Gaskiya ne zafi yana rage bitamin C, amma sinadarin da ke sa tumatir ja da wanda ke cikin karas jiki ya fi samun su idan an dafa.

Game da tsadar kaya, abin da za ki ɗauka daga waɗannan littattafai dabara ce, kayan kuwa namu sun wadatar. Inda suka ce a jiƙa almon a markaɗa a tace, ki sa aya, kin ga kunun aya ke nan da dabino da kwakwa, wanda muke sha tun kafin mu ji labarin wani tsari. Inda suka ce a yi miyar zubawa a kan ganye da 'ya'yan kashu, ki daka riɗi ki haɗa da lemun tsami da ɗan man gyaɗa. Garin 'ya'yan kuka kuma, wanda ake sayar musu da tsada a cikin kwalba, a wurinmu a mudu ake auna shi. Na'urar busar da abinci da suke yawan ambata ba ki buƙatarta a garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, faranti mai tsabta da yadi mai shara-shara da zai tare ƙuda da ƙura sun isa.

Ma'aikacin Lafiya, Runjin Sambo

Hajiya, ina goyon bayan littattafan da Malama ta ambata, sai dai akwai abin da marubutansu ba su damu da shi ba domin ba matsalarsu ba ce, wato ruwa. Duk ganyen da ba zai ga wuta ba, lafiyarsa tana rataye ne a kan ruwan da aka yi masa ban-ruwa da shi da wanda aka wanke shi da shi, kuma mun san yadda amai da gudawa da taifot ke yi mana a damina. Saboda haka kafar farko da zan ba ki ita ce ɗan littafin Hukumar Lafiya ta Duniya mai suna Five Keys to Safer Food, kyauta ake sauke shi a shafinsu. Ki wanke latas da kabeji ganye-ganye da ruwan da za ki iya sha, ki feƙe duk abin da ke feƙuwa, ki ware wuƙa da katakon yankan nama daban, kuma ki sayi kankana da gwanda sukutum ki yanka a gida maimakon yankakku da ke cikin leda a bakin titi. Ruwan gishiri da mutane ke dogara da shi ba ya kashe dukkan ƙwayoyin cuta. Idan aka ce annobar amai da gudawa ta ɓulla a unguwa, ki koma dafaffe har ta lafa.

Akwai kuma abubuwan da ba a cin su ɗanye ko wane littafi ne ya faɗa. Rogo, musamman mai ɗaci, yana da gubar da sai an sarrafa shi take fita. Wake ma dole ne ya dahu. Madarar da aka tatso ba a tafasa ba tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da wasu cututtukan, shi ya sa kindirmon da aka tafasa madararsa kafin a kwantar ya fi aminci. Batun tsiron iri kuma, wanda Ann Wigmore ta yaɗa a littafinta The Sprouting Book na 1986, ina roƙon ki yi hattara da shi ƙwarai, domin ɗumi da laimar da iri ke buƙata ya tsira su ne ƙwayoyin cuta ke so. A 2011 a Jamus tsiron hulba da aka ci ɗanye ya kwantar da dubban mutane, fiye da 50 suka rasu. Mai ciki da ƙananan yara da tsofaffi kada su ci shi sai an dafa.

Kuma idan kina shan maganin hawan jini, ki nemi a haɗa ki da masu ba da shawarar abinci a asibitin da kike zuwa kafin ki yi babban canji.

Baba Manomi, Kwalkwalawa

'Yata, ni ban karanta waɗannan littattafai ba, amma lambu nake yi a fadama tun ina saurayi. Ki fara da lokacin sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, domin a lokacin ne latas da karas da kabeji da lansir da albasa mai lawashi suke da araha da kyau. Kwaɗon lansir da tumatir da ƙuli-ƙuli iyayenmu sun ci shi, haka yalo da gurji da goruba da magarya. Ya kuma tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana cin ɗanyen dabino da gurji. Sai dai ki tuna wa maigidanki da hanin zuwa masallaci da warin ɗanyar albasa ko tafarnuwa, a ajiye su sai bayan Isha'i.

Maman Hafsat, Mabera

Na gode ƙwarai, Baba da Malam da Malama. Tambaya ɗaya ta rage mini: shin sai na bar tuwo da shinkafa baki ɗaya ne zan ga amfanin abin?

Malama Ta-Arkilla

A'a, 'yar'uwa, kuma ban ba ki shawarar hakan ba. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Gisen ta Jamus, aka buga a 1999, ya duba mutanen da suka daɗe suna rayuwa a kan ɗanyen abinci, ya gano da yawa sun rame fiye da kima, kuma kusan kashi 30 cikin 100 na matan da ba su kai shekara 45 ba al'adarsu ta rikice ko ta ɗauke. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke nema shi ne mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a rana, ɗanye ko dafaffe, ban da dankali da rogo. Ki rage girman malmalar tuwo, ki cika rabin farantin da kwaɗo ko yankakken ganye, ki sassauta gishiri da dunƙulen ɗanɗano saboda jininki. Idan kina son sanin abin da ke cikin aya ko kuka ko zogale da alƙaluma, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma na 2019, shi ma kyauta ne a shafinsu. Dabino kuwa, duk da albarkarsa, sukarinsa yana da yawa, saboda haka kada ki cika shi a kunun aya, kuma ki haɗa kunun daidai wanda za a shanye a take, domin a zafin Sakkwato ba ya jimawa yake tsami idan babu firji.