Wai da gaske ruwan bohol ɗin da aka fasa dutse yana da radiyeshan?

Maman_Walida:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu ilimin abin ku taimaka min. Mun haƙa bohol a gida nan Bukur bara, sai da injin ya yini biyu yana cin dutse kafin ruwa ya zo, ruwan kuma garau wlh ba wari ba ɗanɗano, har maƙota ke zuwa ɗiba. To jiya ƙanin maigidana da ke karatu a jami'a ya zo hutu yake cewa wai duwatsun Jos suna da yuraniyom kuma yana shiga ruwa, tun daga lokacin hankalina ya ƙi kwanciya saboda yara. In na tafasa zai fita? Ko mu koma fiya wata ne?

Ɗan_Tasha:
Hajiya kakanninmu ruwan dutsen nan suka sha har suka kai shekara casa'in, yaran jami'a da sun karanta shafi biyu sai su hana mutane barci.

Malam_Fiziks:
Wa alaikumus salam Hajiya. Yaron bai yi ƙarya ba, sai dai abin bai kai a daina barci ba. Irin dutsen Filato, wato giranayit, tun halittarsa akwai ɗan yuraniyom da toriyom a ciki, ƙarafa ne masu fitar da radiyeshan, wato wani haske da ido ba ya gani mai iya cutar da jiki, ba wani ne ya zuba ba. Yuraniyom ɗin a hankali yake rikiɗa ya zama radiyom, radiyom ya zama wata iska da ake kira radon, to ruwan da ya daɗe kwance cikin tsagar dutse shi ke kwaso su, shi ya sa bohol mai zurfi ya fi rijiya ko ruwan dam yawan abin.

Maganar tafasawa kuma kashi biyu ce. Radon iska ce, tana gudu da kanta, ko ba ki yi komai ba duk kwana 3.8 rabinta ke ƙarewa, balle ruwan ya hau tankin sama ya sha iska. Illarta ma ta shaƙa ta fi ta sha, Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce bayan taba ita ce ta biyu wajen jawo kansar huhu, amma inda abin ya fi tsanani ƙasashen sanyi ne irin su Finland da ake rufe gida ruf, su ma rijiyoyinsu cikin giranayit suke. Mu da tagogi ke buɗe da sauƙi, kodayake sanyin Jos kan sa a toshe ko'ina lokacin hunturu, a dai bar wa banɗaki da kicin mafitar iska. Amma yuraniyom da radiyom ba sa bin tururi, in kin tafasa ruwa ne ke raguwa su suna nan zaune cikin tukunya. Shi yuraniyom ma ba radiyeshan ɗinsa ne abin tsoron ba, ƙoda yake taɓawa kamar sauran ƙarafa masu guba in an daɗe ana sha da yawa. Iyakar da WHO ta sa tun 2011 maikirogiram 30 ne a lita ɗaya (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram).

Ido ba ya gani, harshe ba ya ji, kuma bohol biyu a layi ɗaya za su iya bambanta, don haka gwaji kawai zai raba gardama. Ki tura yaron ya tambaya a sashen fiziks na makarantarsu, ko cibiyar binciken makamashi ta CERT da ke ABU Zariya, a ce gwajin alfa da bita na ruwan sha ake so, wato nau'i biyu na radiyeshan. Da bekerel ake auna su, in alfa bai wuce bekerel 0.5 a lita ba, bita bai wuce 1 ba, shikenan ki sha ruwanki.

Issoufou_Agadez:
Mu nan Nijar ba sabon zance ba ne, Arlit tun 1971 ake haƙar yuraniyom, ma'adinin Akouta ma sai 2021 aka rufe. A 2010 ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta fitar da rahoto cewa cikin samfurin ruwa biyar da aka ɗiba a yankin huɗu yuraniyom ɗinsu ya haura iyakar WHO ta lokacin. Can ɗin akwai na Allah akwai na haƙa, sun haɗu. Ku ma ai kuna da tsofaffin ramukan kuza, ni su zan fi sa wa ido a kan foraj ɗinki, wato bohol.

Malam_Fiziks:
Gaskiyarka Malam Issoufou, yashin da ake bari bayan an wanke kuza akwai wani ma'adini monazayit a ciki mai ɗauke da toriyom, kuma mutane na kwasa su yi bulo da filasta da shi, wannan ya fi damuna. Ɗan_Tasha kuma kakanninka rafi da rijiya suka sha, ba su da injin da zai huda dutse haka.

Maman_Walida:
Allah ya saka da alheri Malam. To in gwajin ya fito ba kyau fa, asarar kuɗin haƙan kenan? Alimun ba zai yi ba?

Malam_Fiziks:
Alimun laka yake kwantarwa, kar ki dogara da shi. Akwai ƙaramin injin tacewa da ake ce wa RO, irin na masu fiya wata, ana sa shi a famfon kicin don na sha da girki kawai, wanka da wanki kuwa ki ci gaba da na bohol. Ko a sirka da wani ruwan, haka ƙasar Jodan take yi da ruwan ƙarƙashin ƙasa na yankin Disi da ta ja zuwa Amman, babban birninta, a 2013, don an samu radiyom a cikinsa. Kafin sakamako ya fito dai kar ki yar da bohol ki koma ruwan 'yan garuwa da ba ki san inda suka ɗebo ba, taifod da kwalara ba sa jiran shekaru. Shi kansa fiya watan ki tambaya, yawanci daga bohol suke ja.

Ɗan_Tasha:
To Malam nawa ne kuɗin gwajin, don mu ma namu a dutse yake.