Za mu ɗora Linux a kan sabon allon da'irar kwamfuta, ta ina za mu fara?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan zaure. Allo ne mai cif ɗin ARM 64-bit, kanel (zuciyar Linux) bai san da shi ba tukuna. Me ya kamata a tanada kafin a taɓa kod?

Injiniya: Wa alaikumus salam. UART kafin komai, ɗan'uwa, wato tashar siriyal da allon ke turo saƙonnin rubutu ta cikinta. Idan allon ba ya yi maka magana, lalube kake yi a cikin duhu. Samo adaftar USB zuwa siriyal, ka haɗa waya uku kawai: TX ɗinka (mai aikawa) zuwa RX ɗinsa (mai karɓa), RX zuwa TX, sai GND (wayar ƙasa). Kada ka haɗa wayar wuta. Kuma ka auna fil ɗin da mita tukuna, domin wasu allunan 1.8V ne, adaftar 3.3V na iya ƙona ƙafar cif ɗin. Yawanci gudun siriyal ɗin 115200 ne, da tsarin 8N1 (bit takwas na bayanai, babu bit na tantancewa, bit ɗaya na tsayawa).

Malama: Ƙari a kan maganar Injiniya: idan cif ɗin na kamfanin Rockchip ne, yawanci gudunsa 1500000. Tsohuwar adafta mai CP2102 ba ta kaiwa can, sai tarkacen haruffa. Mai CH340 na kaiwa. In kuwa gudun daidai ne amma tarkacen bai tafi ba, to wataƙila mitar agogon UART da aka rubuta a DTS, fayil ɗin da ke bayyana wa kanel kayan allon, ce ba daidai ba.

Mai tambaya: Madalla. Takardu fa?

Malama: Littafin rijistocin cif, zanen da'irar allon, da takardar kurakuran cif. Ta ukun ce mutane ke rainawa, alhali nan ne kamfani ke faɗin abin da ba ya aiki yadda littafin ya ce. Idan allon ya zo da Linux ɗin kamfani, nemi tushen kod ɗinsu, lasisin GPL na Linux ya ba ka wannan haƙƙin.

Babban Yaya: Kafin ku rubuta komai a eMMC (ma'ajiyar da ke manne a allon), ku kwafe shi gaba ɗaya da umarnin dd, sannan ku gwada hanyar ceto ku tabbatar tana aiki: FEL ake kiranta a cif ɗin Allwinner, maskrom a na Rockchip. Daga nan U-Boot, manhajar da ke loda kanel idan an kunna allon. Saitin DDR, wato RAM ɗin allon, ne mai wahalarwa. Idan ya ɗan kauce, allon zai tashi lafiya ya riƙa faɗuwa ba gaira ba dalili, ku yi ta zargin direbobi, wato manhajojin da ke sarrafa kayan allon. Ku gwada RAM sosai tun a nan.

Injiniya: Haka ne Yaya. Kuma kada ka fara DTS daga farar takarda. Ɗauko na allon da ke da cif irin naka, ka bar CPU, RAM, taima, GIC (mai rarraba siginar katsewa ga CPU) da UART kaɗai, sauran ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya. Sa earlycon a layin umarnin kanel domin ya fara turo saƙo da wuri, in ba haka ba za ka iya jin shiru bayan U-Boot ya miƙa ragama. Idan ya daskare daf da ƙarshen tashi, gwada sa clk_ignore_unused a layin: kanel na kashe agogunan da yake ganin ba mai amfani da su, wannan zaɓin ke hana shi. In ya tashi da wannan, akwai agogon da ba ka bayyana a DTS ba.

Babban Yaya: Ku loda kanel ta TFTP, wato ta hanyar sadarwa, da ƙaramin initramfs (tsarin fayiloli da ke zama a RAM) na BusyBox (tarin ƙananan umarnin Linux), cire katin ajiya da mayarwa ɓata lokaci ne. Wane cif ne ma? Turo lambarsa mu duba ko manhajar OpenOCD na da saitin JTAG ɗinsa, wato hanyar leƙa cikin cif don gano kuskure.