Sujadar keɓe sababbin dattawa da sallamar masu sauka: yadda ake shirya ta

Ɗan'uwa Sakatare, Saminaka

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. An kammala zaɓe a ikilisiyarmu: dattawa bakwai, ma'aji, sakataren kuɗi, da shugabannin zumuntar mata, zumuntar maza da matasa. Majalisa ta yanke a keɓe su a Lahadi ɗaya, a kuma sallami waɗanda suka sauka da girmamawa. Iyayenmu da 'yan'uwa da kuka saba wannan hidima, ku taimaka mana. Me ake fara yi, me ake bari sai ranar, kuma a ina abin yake yawan lalacewa?

Baba Rabaran mai ritaya, Kagoro

Ɗana, kafin a yi maganar kanofi da shinkafa, ku fara sanin wanda yake da ikon yin keɓewar. Kowace ɗarika da matakanta. A ECWA daga LCB, wato majalisar ikilisiya ɗaya, ake hawa zuwa LCC mai haɗa ikilisiyoyin da ke kusa, sai DCC ta gunduma; a COCIN irin waɗannan matakai su ne CC, LCC da RCC. Ku buɗe tsarin mulkinku ku ga wa ya ce ya tabbatar da zaɓen, wa kuma zai tsaya ya yi tambayoyin alkawari. Ku rubuta wa wannan ofishi wasiƙa da sunayen zaɓaɓɓu, ku nemi rana. Kada ku sa rana ku buga kati sannan ku je neman rabaran. Yawancin ikilisiyoyin gunduma ɗaya lokaci guda suke zaɓe, shi kuwa mutum ɗaya ne, sai ku tarar an riga ku.

Ku ba kanku mako 6. Biyu na farko na wasiƙa ne da jiran amsa. Daga nan a karanta sunayen a sujada Lahadi biyu ko uku a jere, a ce duk mai wata magana a kan ɗayansu ya samu fasto a ofis, a asirce, kafin rana kaza. Wannan sanarwa ba ado ba ce. Maganar bashi, rikicin gona ko matsalar aure da ba a ji ba lokacin zaɓe, a nan take fitowa, kuma gara ta fito a ofis da ta fito ana tsakiyar addu'a. Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti kada ya yi garajen ɗora wa kowa hannu, yana nan a 1 Timoti 5:22.

Sai koyarwa. A zauna da zaɓaɓɓun aƙalla sau biyu, tare da matansu ko mazansu, a bi 1 Timoti 3:1-13 da Titus 1:5-9 aya aya. A ba kowa takardar tambayoyin alkawari ya tafi da ita gida. Bai kamata mutum ya fara jin abin da zai ɗauka a gaban Allah a daidai lokacin da aka miƙa masa makirufo ba.

Tsohon Ma'aji, Gombe

Baba ya gama magana. Abin da zan ƙara shi ne miƙa aiki, domin nan ne ake barin baya da ƙura. Ba a fafe gora ranar tafiya: duk abin da ya shafi kuɗi da kaya a gama shi mako guda kafin sujadar.

Masu binciken kuɗi su rufe littafi a wata rana tsayayya, a karɓo bayanin asusu daga banki na wannan ranar, a daidaita su. A ƙirga tsabar da ke hannu a gaban mutum uku. A rubuta lambar rasit na ƙarshe da aka yanka da lambar cak na ƙarshe, da duk bashin da ake bin ikilisiya da wanda take bi, har da kason da ba a kai wa gunduma ba tukuna. Sannan kaya: bencina da kujeru, janareta, amfilifaya, kayan kiɗa, kwanukan Jibin Ubangiji (cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu), takardun fili, rajistar baftisma da ta aure, makullai. Takardar miƙa aiki a yi ta kwafi 3, mai sauka da mai hawa da fasto su sa hannu.

Canjin masu sa hannu a banki yana cin lokaci. Za su nemi wasiƙa, da kwafin shawarar majalisa, da hotuna, da katin shaida da BVN na sababbin. Idan ba a fara da wuri ba, sai a yi biki a watse, bayan wata biyu har yanzu tsohon ma'aji ake bi gida ya sa hannu, sabon kuma yana riƙe da suna kawai. Daga nan gunaguni yake farawa. Abin da za a miƙa a gaban jama'a ranar Lahadi alama ce kawai: makulli ɗaya, littafi ɗaya.

Fasto, Bukuru

Tsarin sujadar kanta nake so in taɓa. Babban kuskure shi ne a cakuɗa abubuwa uku, wato sallama, keɓewa da shagali, sai na ukun ya haɗiye na biyun. Jama'a su koma gida suna labarin wanda ya ba da babbar kyauta, ba mai tuna abin da dattawan suka yi alkawari.

Ga yadda yake tafiya daidai cikin awa biyu da rabi. Shigowa da waƙa, addu'ar buɗewa da karatu, minti 20. Sanarwa minti 5, sauran a liƙa a allo. Ƙungiyoyi uku kaɗai su yi waƙa, minti 5 kowace. Sallamar masu sauka minti 20. Wa'azi minti 25. Keɓewa minti 30, a biyo da baiko (kyautar da jama'a ke bayarwa ga Allah), gajeren jawabin godiya daga mutum ɗaya a madadin sababbin, sai albarka.

Dalilin sa sallama kafin wa'azi: wurin ya zama babu kowa kafin a cika shi. Masu sauka su shigo su zauna a kujerun dattawa kamar kullum. Bayan an gode musu an yi musu addu'a, su koma cikin jama'a. Kujerun su kasance wofi har a gama wa'azi, sai bayan addu'ar keɓewa sababbin su hau. Ko yaron makarantar Lahadi ya ga haka ya gane abin da ya faru. Wanda aka sake zaɓa shi ma ya sauka tare da su, ya sake hawa.

Tambayoyi kada su wuce huɗu: bangaskiya ga Maganar Allah, yarda da koyarwa da tsarin ikilisiya, riƙon aikin da aminci, da zaman da ya dace a gida da waje. Dattawa kowa ya amsa shi kaɗai, da sunansa: "I, da taimakon Allah." Amsar taro tana ɓoye wanda bai buɗe baki ba. Sannan ikilisiya ta miƙe ita ma a tambaye ta ko za ta girmama su, ta yi musu addu'a, ta goyi bayansu. Ana yawan mantawa da wannan, alhali 1 Tasalonikawa 5:12-13 da jama'a take magana.

Idan kuna da sujadar Hausa da ta Turanci, ku haɗa su ranar, amma kada a fassara kome da kome, lokaci zai ninku. A fassara wa'azi a taƙaice, alkawari kuwa kowa ya yi da harshen da ya fi ji.

Mama Zumunta, Kafanchan

Baba Fasto, ƙungiyoyi uku ka ce, to ku gaya wa sauran tun mako biyu kafin ranar. In suka yi ta koyon waƙa suka ɗinka anko, sannan aka tsallake su ran Lahadi, fushin ya fi wata. Mafita ita ce a yi waƙar haɗin gwiwa: mawaƙa da ƙungiyar Sabon Rai da matasa su haɗu a ɗaya.

Kuma wani babba ya saurari kalmomin waƙoƙin a wurin koyo. Bayan zaɓe zukata ba su gama kwanciya ba, kuma mun san habaici yana iya shiga waƙa da sunan gargaɗi. Baiti ɗaya a kan "shugaban da ya ci amana", kowa ya san da wa ake, an ɓata ranar ke nan.

Kyautar masu sauka daga ikilisiya ta zama iri ɗaya ga kowa: takardar yabo, Littafi Mai Tsarki, da turmin zane ko yadi. Wanda ya yi shekara 3 da wanda ya yi 12, bambancin ya fito a abin da aka rubuta a takardar, ba a girman ƙunshi ba. Kada a manta da matan dattawa, su suka yi ta dafa wa baƙi suna jiran a tashi daga mitin da dare. Kyautar dangi da abokai kuwa a kai ta waje bayan an tashi. Da zarar an buɗe ƙofar fitowa ɗaya-ɗaya, mai dangi da yawa za a rufe shi da kaya da liƙi, na kusa da shi yana tsaye hannu wofi. Ba girmamawa ke nan ba.

Abinci: mudun shinkafa yana ciyar da mutum 8 zuwa 10, gwargwadon mudun kasuwarku. Ku ɗauki yawan masu zuwa ran Lahadi ku ƙara kashi ɗaya cikin uku saboda baƙi. Ruwan leda guda 20 ne a jaka, ku lissafa biyu ga kowane mutum, uku in lokacin zafi ne. Zoɓo da kunun zaƙi a dama da asuba, kunun da ya kwana yakan yi tsami. A ɗaure abincin a ƙunshi, a fara ba yara a ajinsu, in ba haka ba su za su tare ƙofa. Masu girki kuma a raba su biyu, don kada shugabar da za a keɓe ta kasance tana bakin murhu ana kiran sunanta.

Dattijo, Mubi

Ina da tambaya ga Baba Rabaran. Ɗan'uwanmu ya lissafa har shugabannin ƙungiyoyi. Duka za a ɗora musu hannu? A ganina a'a. A Ayyukan Manzanni 6 mutum bakwai aka zaɓa aka ɗora wa hannu don aiki sananne. In aka yi wa mutum talatin, har da mataimakin mai tsawatarwa na matasa, abin ya rasa nauyinsa.

Mu a EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, muna da wankin ƙafa tare da Jibin Ubangiji, bisa ga Yahaya 13. Inda aka saba da shi, yana da kyau sababbin shugabanni su fara ɗaukar tawul da kwano a jibi na farko bayan keɓewa. Amma ban ba da shawara a cusa shi cikin wannan Lahadin ba, kuma ikilisiyar da ba al'adarta ba ce kada ta aro shi don burgewa.

Baba Rabaran mai ritaya, Kagoro

Dattijo, na yarda da rabin maganarka. A yi shi hawa biyu. Dattawa, da dikinoni inda ake da su, su durƙusa a ɗora musu hannu ɗaya bayan ɗaya, ana ambaton suna. Shugabannin ƙungiyoyi su tsaya a jere, a yi musu tambaya ɗaya, rabaran ya miƙa hannu ya yi musu addu'a gaba ɗaya, ya gaisa da kowa. Sai dai kada a yi nasu a gurguje kamar an gaji. Shugabar zumuntar mata tana ɗauke da mutane fiye da wasu dattawan. A kira sunanta cikakke, a faɗi aikinta.

Masu ɗora hannu kuma a san su tun kafin ranar. Ba duk baƙon da ya sa kwala ne zai taso ba. A kuma bambanta wa jama'a da baki cewa wannan ba naɗin rabaran ba ne, aiki ne na wa'adi, kuma a faɗi shekarar da zai ƙare.

Ɗaya kuma: waɗanda suka tsaya zaɓe ba su samu ba. Fasto ya ziyarce su a gida kafin ranar, a ba ɗayansu karatun Littafi ko addu'ar baiko. Kada mai wa'azi ya kuskura ya ce "Allah ya ƙi wasu ya zaɓi wasu".

Ofisan Boys' Brigade, Kaduna

Iyayena, na ɓangarenmu gajere ne. Ranar Asabar da yamma a yi gwaji na minti 40 da mutanen da kansu, ba wakilai ba: ta ina za su shigo, ina za su tsaya, ina iyali za su tsaya a bayansu. A auna gaban bagade. Mutum bakwai a durƙushe da masu ɗora hannu suna bukatar a janye bencin gaba biyu. A shimfiɗa darduma, a ajiye kujera ga mai ciwon gwiwa, ba laifi ya zauna.

Makirufo biyu: ɗaya a hannun rabaran, ɗaya wani yana bi da shi bakin masu amsawa. Sabon batir a sa da safe, wani a aljihu, da mai waya a ajiye kusa. Janareta a tayar da shi tun kafin keɓewa ko da akwai wutar NEPA, don ɗaukewar minti biyu a tsakiyar alkawari ta isa ta watsa hankalin mutane. Mai hoto ɗaya aka yarda ya matso, sauran su jira waje, in ba haka ba jama'a bayan masu waya kawai za su gani. Ranar baƙin fuska suna da yawa, don haka a ƙofa a haɗa yaranmu da dattijo ɗaya da ya san dangin mutane, motoci kuma a ajiye su nesa da bango.

Ɗan'uwa Sakatare, Saminaka

Allah ya saka, iyayena. Saura ɗaya: ɗaya daga cikin zaɓaɓɓun dattawan yana aiki a Abuja, mai yiwuwa ba zai samu zuwa ba. Matarsa za ta iya tsaya masa?

Fasto, Bukuru

A'a, ɗan'uwa. Kyautar mai sauka ana iya karɓar masa, amma alkawari ba a yin sa da wakili. A sanar cewa ba ya nan, a bar kujerarsa. Lahadin da ya dawo a ɗauki minti 10 bayan wa'azi a yi masa tambayoyin nan huɗu a gaban jama'a, da izinin rabaran da ya yi keɓewar farko. Kafin nan ba ya zama a majalisa, ba ya raba jibi a matsayin dattijo. Kai kuma ka rubuta ranakun biyu dabam a littafin ikilisiya, da sunan wanda ya yi keɓewar, ka aika kwafi ofishin gunduma cikin makon.