Shin tsarin Taylor ya mutu ne, ko kuwa riga kawai ya sauya?

Ɗalibar Gudanarwa ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina karatu a fannin gudanarwa, kuma ana koyar da mu tsarin Frederick Taylor na tafiyar da aiki bisa hanyar kimiyya a matsayin abin da aka yi yayinsa a farkon ƙarni na 20 sannan aka bar shi. Sai dai duk lokacin da na karanta yadda ake auna aikin ma'aikatan manyan rumbunan kaya da na cibiyoyin amsa kiran waya daƙiƙa bayan daƙiƙa, sai in ga kamar abin da mutumin ya rubuta a 1911 ne ake aiwatarwa har yau. Ina roƙon masana su bayyana mini ainihin ƙa'idojinsa, da waɗanda suka rayu daga cikinsu, da kuma ko ya cancanci zargin zaluntar ma'aikata da ake yi masa.

Tsohon Injiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Kafin a yanke wa Taylor hukunci, ya kamata a san halin da ya tarar. Ya shiga kamfanin ƙarfe na Midvale da ke birnin Filadelfiya na Amurka a 1878 yana ƙaramin ma'aikaci, kuma ya ga cewa kowa yana aiki ne yadda ya gada daga wanda ya koya masa, shugabanni ba su san adadin aikin da mutum zai iya yi a yini ba, su kuwa ma'aikata suna rage hannu da gangan, domin sun san idan suka yi sauri za a rage musu kuɗin da ake biya a kan kowane abu da suka ƙera. Ƙa'idojinsa huɗu martani ne ga wannan hali: a nazarci kowane aiki a gano hanya mafi kyau ta yin sa, a zaɓi ma'aikacin da ya dace a horar da shi, shugabanni su haɗa kai da ma'aikata domin a tabbatar ana bin hanyar, sannan a raba nauyi ta yadda tsarawa za ta koma hannun shugabanni, aiwatarwa kuma ta zauna a hannun ma'aikata.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na shebur a kamfanin ƙarfe na Bethlehem, shi ma a Amurka. A da kowane lebura da shebur ɗinsa yake zuwa, da shi zai kwashi tama mai nauyi, da shi kuma zai kwashi garin kwal marar nauyi. Taylor ya gwada ya gano cewa mutum ya fi yin aiki mai yawa a yini idan abin da yake ɗagawa a kowace kwasa ya kasance kimanin kilo 9 da rabi, sai kamfanin ya tanadi shebur iri-iri, ƙarami don tama, babba don kwal. Ban ga zalunci a cikin wannan ba, hankali na gani. Duk wanda ya rubuta matakan aiki ko ya horar da sabon ma'aikaci bisa tsari a yau, magajin Taylor ne ko da bai taɓa jin sunansa ba.

Ɗan Ƙwadago ya amsa:

Ranka ya daɗe Injiniya, ka kawo shebur amma ka tsallake labarin dakon ƙarfe, wanda Taylor da kansa ya fi alfahari da shi. A wannan kamfani na Bethlehem leburori suna loda curin ƙarfe mai nauyin kimanin kilo 42 a taragon jirgin ƙasa, kowannensu tan 12 da rabi a yini. Taylor ya ce ya kai ma'aikacin da ya zaɓa ga tan 47, ladansa kuma ya tashi daga dala 1.15 zuwa dala 1.85. Aiki ya ninka kusan sau huɗu, lada ya ƙaru da kashi 60 cikin ɗari kawai, kuma shi kansa ya amince cewa mutum ɗaya ne cikin takwas jikinsa zai iya jure wannan ma'auni. Ina sauran bakwai ɗin suka nufa?

Ma'aikatan wancan zamani sun fahimci lamarin tun da wuri. A 1911 masu zubin ƙarfe a masana'antar makamai ta gwamnati da ke Watertown sun shiga yajin aiki bayan an tsaya a kan ɗayansu da agogon auna daƙiƙa, abin da ya kai ga majalisar wakilan Amurka ta gayyaci Taylor ya yi bayani, daga baya kuma aka hana amfani da kuɗin gwamnati wajen irin wannan awo a masana'antun soja. Ƙa'ida ta huɗu ce tushen matsalar, domin tana kwashe ilimin sana'a daga kan mai sana'a ta kai shi ofis, ta bar masa hannuwa kawai. Ita ce kuma ta fi rayuwa. Na'urar da ke hannun mai haɗa kaya a rumbu ita ke faɗa masa inda zai dosa, tana kuma ƙirga duk daƙiƙar da ya tsaya. Har ta kai jihar Kalifoniya ta yi doka a 2021 wadda ta wajabta wa manyan rumbunan kaya su bayyana wa ma'aikaci adadin aikin da aka ɗora masa a rubuce, ta kuma hana ma'aunin da zai tauye masa hutun cin abinci ko zuwa bayan gida.

Malamar Jami'a ta amsa:

Dukanku kun faɗi gaskiya, amma ina so ɗalibarmu ta raba abubuwa biyu da ake yawan cuɗawa, wato auna aiki da kuma wanda ke riƙe da ma'aunin. Awo bai taɓa mutuwa ba, kuma bai kamata ya mutu ba. Frank Gilbreth, wanda ya yi zamani da Taylor, ya nazarci aikin birkila ya rage motsin ɗora bulo ɗaya daga 18 zuwa kusan 5, galibi ta hanyar ɗaga kayan aiki zuwa inda hannu zai kai ba tare da sunkuyawa ba. Wannan nazari ne da ya rage gajiya, kuma shi da matarsa Lillian sun ba gajiyar ma'aikaci muhimmancin da Taylor bai ba ta ba.

Inda aka yi wa tsarin gyara na haƙiƙa shi ne kamfanin Toyota a Japan bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Injiniyan kamfanin Taiichi Ohno bai yi watsi da rubutattun matakan aiki ba, hasali ma ya tsananta su, sai dai ya nace cewa waɗanda ke bakin aikin su ne za su rubuta matakan kuma su riƙa inganta su, aka kuma ba kowane ma'aikaci ikon jan igiya ya nemi a tsayar da layin haɗa mota idan ya ga aibi. A nan an riƙe ƙa'ida ta farko, an rushe ta huɗu. Ina kuma ja hankalinki, Malama, cewa masana tarihin da suka bi takardun Bethlehem a shekarun 1970 sun nuna Taylor ya ƙawata labarin dakon ƙarfen, don haka kada ki kafa hujja da alƙalumansa a rubutunki ba tare da ambaton hakan ba.

Ɗalibar Gudanarwa ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Tambayar da ta rage mini ita ce ta masu kai saƙo da direbobin da manhaja ke raba wa aiki. Ma'aikatan Watertown sun ga mai agogon da idonsu, sun kuma san wanda za su kai wa ƙara. Idan lissafin kwamfuta ne ya ƙayyade lokacin isar da kaya, kuma shi ne ke rage wa mutum maki idan ya makara, ta wace hanya ma'aikaci zai sa baki a cikin ma'aunin kamar yadda aka yi a Toyota?